Zamanin Silima a Ƙasar Zazzau da Abin da Bahaushe Ya Ara Daga Waƙar Indiya

A cikin dattawan da suka yi samartakarsu a Zariya tsakanin shekarar 1950 da 1980 akwai mutane masu yawa waɗanda ba su taɓa taka ƙasar Indiya ba, ba su kuma san ko harafi ɗaya na rubutunta ba, amma in aka ɗauko musu kan wata waƙa ta Muhammadu Rafi ko ta Lata Mangeshkar, sai su bi ta har ƙarshe ba tuntuɓe. Ana samunsu a Tudun Wada da Sabon Gari, da wajen Kwangila inda hanyoyin Kano da Kaduna da Sakkwato suka haɗu. Waɗansu tsofaffin direbobi ne, waɗansu teloli, waɗansu makanikai, waɗansu kuwa malaman makaranta ne da suka ajiye aiki. Maganarsu ɗaya ce, wai da ne aka yi silima, yanzu sai hoto. Samari su kan ɗauki wannan magana a kan begen ƙuruciya, irin wanda ba tsohon da ba ya yi. Masana kuma da yawansu su kan kawar da kai, domin a ganinsu kallon Indiya ba shi da gurbi a cikin adabin Hausa, in ma ba a ce shi ne ya ɓata shi ba.

Abin da wannan takarda za ta nuna shi ne, zancen dattawan nan yanki ne na tarihin adabin Hausa, kuma ya cancanci a bincike shi kamar yadda a ke binciken waƙoƙin fada da rubutattun waƙoƙi. Bahaushe ya shiga gidan silima da kunnensa da al'adarsa, ya zaɓi abin da ya yi masa, ya bar sauran. Abin da ya fi ɗauka kuwa shi ne waƙa, ya kuma ɗauke ta ta hanyar da kakanninsa suka saba aro tun kafin a san hoto mai motsi.

Majigi

Hoto mai motsi ya shigo ƙasar Hausa ta ƙofa biyu, kuma wajibi ne a rarrabe su, da ya ke Bahaushe da kansa ya ba kowace sunanta. Ta farko ita ce majigi. Kalmar ta samo asali ne daga sunan wata fitila ta Turawa mai haska hoto a jikin bango, wadda su ke kira fitilar sihiri. Wani jami'in kiwon lafiya a Ikko, William Sellers, shi ne ya shahara da fara amfani da fim a Nijeriya wajen shekarar 1929, don ya gargaɗi jama'a game da annobar da ɓeraye ke yaɗawa. Da aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu a 1939, sai Gwamnatin Ingila ta kafa ma'aikata ta musamman mai shirya finafinai domin ƙasashen da ke ƙarƙashinta, aka ɗora Sellers a kanta. Daga baya Jihar Arewa ta sami nata reshe a Kaduna.

Yadda a ke yin majigi kuwa, mota ce ta kan zo gari da injin wuta da farin ƙyalle da lasifika. A kan sauka a ƙofar fada, ko ƙofar gidan hakimi, ko filin makaranta, a yi shela tun da rana. In duhu ya yi sai jama'a su taru, manya da yara, ba a biyan ko anini. A kan nuna labarun duniya, sa'an nan a nuna tsabtar gida, da rigakafi, da noma, da amfanin haraji, wani lokaci a sirka da wasan Charlie Chaplin don a yi dariya. Akwai mai bayani da ke tsaye yana fassara abin da a ke gani da Hausa, sau da yawa ma daɗin majigi ya danganta ga iya bakinsa. Da mulki ya fara komowa hannun 'yan ƙasa sai aka riƙa nuna rangadin Sardauna da ayyukan Gwamnatin Jihar Arewa.

Lardin Zazzau ya ga majigi ƙwarai, domin ƙasar auduga ce, ga injin gurza a Zariya, ga kuma gonar gwaji da aka kafa a Samaru tun 1922. Fim ɗin majigi da ya fi zama a zukatan mutane, watau Baban Larai, na shekarun 1950, a kan kyautata noman auduga aka yi shi. Dalilin da ya sa ba a manta da shi ba shi ne an saka darasin a cikin labari, da mutane masu suna, suna magana da Hausa. Sauran kuwa yawancinsu wa'azi ne na hukuma, a kan kalla a watse. Da wuya a sami wanda ya tashi daga filin majigi yana rera wani abu da ya ji a can.

Gidan silima

Ƙofa ta biyu ita ce silima, wadda 'yan kasuwa suka buɗe don neman riba, yawancinsu Kwarori. A Kano an buɗe Rex a 1937, daga baya aka yi ta ƙara waɗansu. Yawancin gidajen ba su da rufi, katanga ce kurum da kujeru da bencina, saboda haka ba a farawa sai rana ta faɗi, da damina kuwa sai abin da hadari ya ce. Wuraren zama daraja-daraja ne, kowa da gwargwadon aljihunsa.

Wurin da aka gina gidajen nan shi ne ya fara ba su suna. Tun da jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911 garin ya rabu. Ga Birni cikin ganuwa inda Sarki da malamai su ke, ga Sabon Gari kusa da tasha inda baƙi daga Kudu suka zauna, ga Tudun Wada wadda aka keɓe wa baƙi 'yan Arewa, ga kuma unguwar Turawa. Silima a bayan ganuwa ta sami wurin zama, tare da otal da gidan rawa da sauran abin da Bahaushe ya haɗa ya kira bariki. Saboda haka ɗan mutunci ya kan je ne a ɓoye, matan aure kuwa ba su zuwa sam, macen da aka gani a can ma an riga an yanke mata hukunci.

Abubuwa biyu da suka faru a Kano sun ƙara wa wannan ƙyama ƙarfi. Ran 13 ga watan Mayu 1951 gobara ta tashi a gidan silima na El Duniya, mutum 331 suka rasu, mutane da yawa kuma suka ɗauki abin a kan ishara. A farkon shekarun 1950 ɗin kuma aka gina Palace a cikin birni, kusa da Kasuwar Kurmi, malamai suka yi tir, har yara suka riƙa jifan masu shiga. Duk da haka gidajen ba su rasa jama'a ba. A nan ne ya kamata mai nazari ya tsaya ya yi tambaya. Majigi kyauta ce, da yardar Sarki da hukuma, amma ba ta kama zuciya ba. Silima da kuɗi a ke shiga, da zargi a ke fita, amma mutane suka yi ta tururuwa. Ruwa ba ya tsami banza.

Yadda Indiya ta ci kasuwa

Da farko finafinan Amurka da na Ingila a ke nunawa, na kaboyi da na yaƙi. A cikin shekarun 1950, watau ƙarshen zamanin Sarkin Zazzau Ja'afaru, Kwarori suka fara shigo da na Indiya. Sun gwada na Masar ma, suna zaton addini da Larabci za su jawo musu kasuwa, amma ba su karɓu kamar na Indiya ba. Kafin ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Aminu a 1975, Indiya ta riga ta zama ita ce uwa a gidajen silima na Arewa, sai 'yan Canis masu faɗa da hannu da suka zo suka raɓa da ita.

An yi dace kuma, domin lokacin ne ƙasar Indiya ke cikin ganiyar wannan sana'a. Sun fara fim tun 1913, suka yi na farko mai magana, Alam Ara, a 1931, da waƙoƙi bakwai a cikinsa. Bayan sun sami mulkin kai a 1947 sai birnin Bombay ya yi ta fitar da finafinan da har yau a ke ambato: Awaara na Raj Kapoor a 1951, Aan da Baiju Bawra a 1952, Mother India na Mehboob Khan a 1957, Mughal-e-Azam na K. Asif a 1960, Waqt a 1965.

Abin da Bahaushe ya fara gani a cikinsu shi ne kamannin gida. Ga rawani, ga doguwar riga, ga mayafi, ga lalle a hannun amarya, ga shanu da garma, ga mata a bakin rijiya, ga ɗa yana durƙusa wa mahaifinsa. Saurayi da budurwa su kan yi ta kewaya juna da waƙa, amma akwai iyakar da ba a ƙetarewa a gaban jama'a, wadda ta yi daidai da kunyar Hausa. Fim ɗin Amurka kuwa, ko ya yi daɗin kallo, duniyar wasu ce.

Bayan kamanni kuma sai matsala. A ɗauki Mother India, wanda aka yi shekaru aru-aru, in ji masu zuguguwa, ana maimaita shi a gidajen silima na Arewa, har cikin shekarun 1990 yana tara jama'a a Kano. Labarin wata mace ce manomiya, Radha, wadda surukarta ta ci bashin rufi 500 a wurin wani mai ba da kuɗi da ruwa don a yi bikin aurenta. Bashin nan ya zama ƙarfen ƙafa, mai kuɗi yana kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gona kowace shekara. Mijinta ya rasa hannuwansa wajen aikin gona, kunya ta sa ya bar gida, ambaliya ta zo, ta rage da 'ya'ya biyu. Ɗayan ya tashi da haƙuri, ɗayan ya tashi da fushi har ya zama ɗan fashi, ya kashe mai bashin, ya ɗauke 'yarsa ran bikinta. Uwar da kanta ta harbe shi don ta tsare mutuncin 'yar mutane. To, manomin ƙasar Zazzau wanda ya san falle, watau kuɗin da a ke ci da bazara a biya da hatsi da kaka, wanda kuma ya san abin da bashin biki ke yi wa gida, ba ya bukatar tafinta. Haka kuma labarin Mughal-e-Azam, inda Yarima Salim ya so baiwa Anarkali, mahaifinsa Sarki Akbar ya hana, ba baƙon abu ba ne a ƙasar da auren dole da biyayyar iyaye ke karo da son zuciya kullum. Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano cikin shekarun 1990, ya nuna cewa Hausawa sun sami hanyar duba matsalolin zamani a cikin finafinan nan ba tare da sun bi ta ƙasar Turawa ba.

Shaidar cewa an mai da 'yan wasan nan 'yan gida ita ce laƙabin da aka yi musu. Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa, a zamanin baya, Ɗan Daba Mai Lasin. Bahaushe ba ya yi wa wanda bai damu da shi ba laƙabi.

Sirrin waƙar

Labari a kan manta shi, amma waƙa ta zauna, kuma akwai dalilai huɗu da suka sa haka.

Na farko shi ne yadda a ke ƙera ta. Tun daga 1935 Indiyawa suka fara raba aiki, ɗan wasa yana motsa baki, wani gwani dabam yana rerawa a bayan fage. Saboda haka waƙa guda ta kan bi ta hannun mutum huɗu: marubuci, irin su Shakeel Badayuni da Sahir Ludhianvi, waɗanda sha'irai ne sosai a harshen Urdu, mai tsara kiɗa, irin su Naushad, mai rerawa, irin su Rafi da Lata da Mukesh, sa'an nan ɗan wasa. Makaɗa masu yawa ne a ke tarawa a ɗaki guda su yi ta maimaitawa har ta daidaita. Faifan garmaho kuwa na lokacin ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti uku da 'yan kai a kowane gefe, saboda haka dole a tace waƙa, a zubar da duk abin da ba ya da amfani.

Na biyu shi ne siffarta. Waƙar fim ɗin Indiya tana da kai wanda a ke komawa gare shi bayan kowane yanki, daidai da yadda waƙar makaɗan Hausa ke da gindi da ɗiya. Wanda ya tashi yana jin 'yan amshi suna karɓa wa Narambaɗa ko Shata ya san inda zai jira, ya kuma san inda zai shiga.

Na uku shi ne kayan kiɗa. Shehnai da a ke busawa a bikin Indiyawa 'yar'uwar algaita ce, sarangi da a ke gogawa ɗan'uwan goge ne, bansuri kuwa sarewa ce ta gora. Murya ce wadda kunne ya riga ya sani, sai dai an yi mata sabuwar tufa.

Na huɗu, wanda ya fi shafar masu nazarin harshe, shi ne kalmomi. Harshen waƙoƙin nan cike ya ke da kalmomin Larabci da suka shiga ta hanyar Farisa, Hausa kuma ta ari irinsu daga Larabci ta hanyar Sahara. Mai saurare a Tudun Wada ya kan ji duniya, ya gane. Ya kan ji zamana ya tuna zamani, izzat ya tuna izza, dua ya tuna addu'a, jawab ya tuna jawabi, adalat ya tuna adalci, kabr ya tuna kabari. Wanda ya yi karatun allo ya zarce kuwa zai gane cewa waqt da lokaci tushensu ɗaya, haka khabar da labari. Kalma ɗaya ko biyu a cikin baiti, in aka haɗa da fuskar mai wasa, sun isa su buɗe ma'ana. Da haka ne waɗansu masu kallo suka koyi harshen, har su kan zauna suna fassara wa abokansu.

A kan waɗannan duka akwai wani abu. Turawa su kan yi mamakin yadda a ke tsai da labari a tsakiya don a yi waƙa. Bahaushe bai yi wannan mamaki ba, domin a tatsuniya haka a ke yi. In yarinya ta shiga uku, ko an raba ta da gida, ba ta yin dogon bayani, waƙa ta ke yi, masu saurare su amsa. Sabon abin da Indiya ta kawo shi ne namiji da mace suna amsa wa juna waƙar soyayya a fili. Hausa tana da waƙar fada, da ta sana'a, da ta gaɗa a dandali, da ta wa'azi, amma wannan gurbi ba a saba cika shi ba.

Aro a al'adar Hausa

Masu cewa Indiya baƙuwa ce a adabin Hausa sai su duba abin da ya faru a Zariya kanta kafin finafinan Bombay su iso. A 1936 Malam Abubakar Imam ya zo Ofishin Talifi wurin Rupert East, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, wanda aka buga littattafansa uku tsakanin 1937 da 1939. An tara masa littattafan labaru na ƙasashe dabam-dabam, na Larabawa da na Turawa da na Gabas. Masana sun nuna cewa dabarar akun nan da ke tsare ɗan sarki da labari dare bayan dare ta samo asali ne daga wani tsohon littafin Indiya na labarun aku, wanda ya bi ta Farisa. Amma ba ɗalibin da ya taɓa karanta littafin ya ji ƙanshin baƙunci, domin Imam ya sāke sunaye, da ƙasa, da ɗabi'u, da salon magana, har abin ya zama na Hausa tsantsa.

A fagen waƙa ma haka ne. Malaman jihadi, Shehu Usmanu da Abdullahi da Nana Asma'u, sun ari ma'aunan waƙar Larabci suka zuba musu Hausa da Fulatanci. A nan Zazzau kuma, masu nazarin kari sun danganta karin Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi da na kiɗan caji, watau ya ɗauki muryar da jama'a ke so a wurin wasa ya ɗora mata wa'azi.

Wannan tsohuwar hanya ce waƙar Indiya ta bi. Abdalla Uba Adamu ya nuna yadda Abdu Yaron Goge, wanda ya zauna a Jos, ya ɗauki muryar wata waƙa ta fim ɗin Rani Rupmati, na ƙarshen shekarun 1950, ya mai da ita kan goge da kalmomin Hausa. Daga baya, wajen shekarun 1980, ɗaliban Islamiyya da masu bandiri a Kano suka riƙa ɗaukar muryoyin Indiya suna yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har waɗansu suka kira ƙungiyarsu Ushaƙu Indiya. Waɗansu malamai sun ƙi abin, suna cewa duk wanda ya ji muryar, rawar cikin fim zai tuna. Mawaƙan suka amsa cewa sun ƙwato muryar ne daga wasa suka sa ta a hanyar Allah. Ko wane ɓangare mai karatu ya bi, zai ga cewa gardamar ta girmi silima.

Faɗuwar silima da abin da ya gaje ta

Abubuwa da dama ne suka taru suka kashe gidajen silima. Talabijin ta fara aiki a Kaduna a 1962, daga ƙarshen shekarun 1970 kuma tashar Kano ta riƙa nuna finafinan Indiya, saboda haka matan kulle, waɗanda aka hana su silima, suka gan su a cikin ɗakunansu. Dokar 1972 ta mai da irin waɗannan sana'o'i hannun 'yan ƙasa. Kaset da bidiyo suka zo, sa'an nan darajar naira ta faɗi daga 1986, shigo da fim daga waje ya yi tsada. Ɗaya bayan ɗaya gidajen suka rufe, waɗansu suka zama rumbunan ajiya, waɗansu aka rushe su.

'Yan finafinan Hausa da aka yi domin silima ba su da yawa. Mafi girmansu shi ne Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, wanda aka ɗauko daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga nan sana'ar da aka laƙaba wa suna Kannywood a 1999 ta taso. Yaran da suka yi ta su ne 'ya'yan matan da suka kalli Indiya a talabijin, kuma su ne masu karanta littattafan soyayya, saboda haka ba abin mamaki ba ne da suka sa rawa da waƙa a tsakiyar labari. Yanzu ma a tasha irin ta Kwangila a kan tura wa mutum fim ɗin Indiya a wayarsa, an riga an juya maganarsa zuwa Hausa.

To, a nan ne ya kamata a auna maganar dattawa da adalci. Suna da gaskiya ta fuska biyu. Waƙar da makaɗa masu yawa suka taru suka yi, sha'iri ya rubuta ta, ba daidai ta ke da wadda mutum guda ya haɗa a kan fiyano cikin yini ɗaya ba. Kuma kallon da ɗaruruwan mutane ke yi tare, suna amsa waƙa da murya guda, ya bambanta da na mutum shi kaɗai da wayarsa. Amma akwai abin da su kan manta. Zamanin nan ma ya fitar da tarkace masu yawa, nagarin ne kurum suka rage a zuciya. Kuma daɗin da su ke bege na maza ne kaɗai, rabin jama'a na bayan katanga.

Ma'aunin da ya dace a yi amfani da shi, ga na da da na yanzu, shi ne wanda Imam da Namangi suka bari. 'Yan fim da kansu suna da kalmar wankiya, watau a ɗauki fim ɗin Indiya sukutum a sāke masa suna. Wannan shi ne kayan aron da ba ya rufe katara. Aro na gaskiya kuwa shi ne wanda aka narka, aka sāke ƙerawa, har mai shi na asali in ya gani sai ya yi tambaya. A waƙa ana iya gwada wannan da kunne. Hausa tana rarrabe gaɓa mai nauyi da marar nauyi, tana kuma da hawa da saukar murya. Gwani in ya ɗora Hausa a kan baƙuwar murya ya kan nemi kalmar da nauyinta ya dace da wurin. Wanda bai iya ba kuwa sai ya ja kalma ko ya matse ta don ta shiga, har garin da a ke zaune a cikinsa ya koma garin tuwo.

Abin da ya rage ga malamai

Tarihin nan yana gab da ɓacewa, domin yawancinsa a ƙwaƙwalwar mutane ya ke. Shaihu Umar kansa an daɗe ana zaton ya salwanta, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fim ta Nijeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a Berlin a 2018. In haka ta sami fim ɗin da aka yi daga littafin Firayim Minista, ina ga labarin mai sayar da tikiti, da mai juya injin, da ɗan kallon da ke fassara wa jama'a?

Aiki uku ne ke jiran sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin horon malamai. Na ɗaya, a aika ɗalibai su zauna da dattawan nan, maza da mata, su rubuta sunayen gidajen silima na garuruwansu, da sunayen Hausa da aka ba finafinai da 'yan wasa, da yadda a ke ba da labarin fim ga wanda bai je ba, domin wannan ma wani reshe ne na adabin baka. Na biyu, a bi tsofaffin jaridun da ke ajiye a Zariya da Kaduna a tattara tallace-tallacen silima, don a san abin da aka nuna da shekarar da aka nuna shi. Na uku, a tara waƙoƙin Hausa da aka ɗora a kan muryar Indiya, na goge da na bandiri da na fim, a ajiye kowace kusa da uwarta, a koya wa ɗalibi ya auna da kansa inda aka yi gwaninta da inda aka yi wankiya. Ɗalibin da ya iya wannan awo ya fahimci karin waƙar Hausa fiye da wanda ya haddace sunayen ma'aunai, kuma in ya tsaya gaban aji zai iya gaya wa yara dalilin da ya sa wata waƙa ta yi shekara sittin ana rerawa, wata kuwa ba ta kai kaka ba.